Mai Shebur da Hanyar Asibiti

An haifi marigayin, wanda unguwa ta fi sani da Mai Shebur, a shekarar 1949, a garin da ya rayu ya kuma rasu a cikinsa, a gida na uku daga bakin hanyar asibiti. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma, kuma a wajenta ake kyautata zaton ya gaji ɗabi'ar shiga aiki tun kafin a kira shi.

Karatu, Aiki da Aure

Ya kammala firamare a 1964, ya samu aikin masinja a gidan waya a 1966, inda ya riƙe amana shekara talatin da biyar ba tare da ƙarin girma ya dame shi ba. A 1974 ya auri 'yar wani kafinta, wadda ta shaida cewa rufin ɗakinta ya yi damina tara yana yoyo, alhali maigidan na waje yana toshe wa jama'a ramuka.

Hidimar Hanya

A 1978 ya ji liman yana bayani bayan la'asar cewa kawar da cuta daga hanya sadaka ce. Jama'a suka ce haka ne, suka watse. Shi kuwa washegari ya sayo shebur da baro. Daga nan kowace Asabar yakan ɗebo tsakuwa da jar ƙasa, ya cike ramukan hanyar asibiti, ya daddaɓe su da ƙafa. Kowace shekara kuma yakan rubuta wa ma'aikatar ayyuka takardar neman kwalta, ya kai da hannunsa, kasancewar ya san halin gidan waya. Jami'i yakan zo dubawa, motarsa ta wuce sumul, ya koma. Layin makanikai, wanda babu mai kula da shi, sau biyu ana shimfiɗa masa kwalta.

Daminar da Ya Ajiye Shebur

A 2009 ɗansa na biyu, wanda ya samu kujera a wannan ma'aikata, ya buɗe fayil ya tarar da takardun mahaifinsa talatin da ɗaya, kowacce da sharhi iri ɗaya a ƙasa: an duba, hanya tana biyuwa. Ya zo ya durƙusa ya fahimtar da tsohon cewa gwamnati ba ta ganin ramin da aka cike, ya roƙe shi ya bar hanyar ta lalace damina ɗaya tak. Marigayin ya kulle baro a ɗaki. Wata uku ya yi yana zama a ƙofar gida, ramuka suna girma a gabansa, shi kuma yana ramewa.

Saura kwana huɗu jami'i ya zo, babur ɗauke da mace mai ciki ya faɗa ramin ƙofar gidansa, ta karye a hannu. Kafin azahar baro ya fito. Ɗan ya iso a guje yana tuna masa kwana huɗu kawai suka rage.

"Kai ka jira, jira ne aikinku," in ji shi. "Ni Wanda zai tambaye ni ramin nan ba ya aiko jami'i."

Jami'i ya zo, ya rubuta abin da ya saba. Rahoton ya biyo ta teburin ɗan, ya buga masa hatimi, domin babu ƙarya a ciki.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a 2016 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa sallah a ƙofar gidansa, aka ɗauke shi ta hanyar asibiti zuwa makabarta, kuma babu wanda ya yi tuntuɓe. Bayan damina biyu hanyar ta mutu murus, aka yi mata kwalta a 2018, aka kafa allo mai sunayen mutane shida waɗanda ba a taɓa ganin ɗayansu da shebur ba.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: ta farko malamar makaranta ce, na uku direba, ta huɗu ma'aikaciyar jinya, auta tela kamar kakansa. Na biyun yanzu mataimakin darakta ne. Shi ya gaji baron, akwai kuma rami a ƙofar gidansa, kuma kowace Asabar yana yin niyya. Allah ya jiƙan Mai Shebur, ya daidaita masa hanya.