Gyaran Jinin Baba

Ƙanena ne ya jawo mini wannan wahala, shi da wayarsa. Yana karatu a Turai lokacin da likita ya ce Baba na da ciwon daji a pankiriyas, wani ɗan nama da ke ɓoye a bayan tumbi. Sai ga muryarsa har da haki: wai an fara gwajin wani magani, a ɗebi jinin mutum, a ware ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, a horar da su, a mayar masa.

Baba ya tsufa yana tura gyaɗa da fata ƙetare, don haka ya ɗauki zancen yadda ya saba. Kaya ne za a aika, kuma shi bai taɓa aika kaya maras kyau ba.

"A gyara jinin tukuna," ya ce.

Gyaran kuwa a kaina ya faɗo. Na hau kabu-kabu daga unguwarmu Zariya zuwa ƙauyen Jiratawa neman ɗanyen zogale, na bi mahautan Sabon Gari neman hanta. Ga iyaka a rufe, ga wuta babu, maganin rage zafin ma sai an sha yawo. Baba ya ci, ya amayar, ya kurkure baki, ya ce a ƙaro. Idanunsa sun yi ɗorawa, rigunansa sun yi masa yawa. Ni kam na gaji, har warin zogale na tsana.

Daga baya gwanin namu ya sake kira, murya ƙasa-ƙasa. Ashe gwaji ne kawai, mutane kaɗan ake ɗauka, kuma ba wanda ciwonsa ya kai na Baba ba. Ya bar ni da faɗa masa. Albishir nasa ne, baƙin labari nawa.

Na daɗe ina kai kwano ina fitowa da maganar a bakina. Wata safiya dai na durƙusa na faɗa masa duka.

Baba ya ture kwanon da bayan hannu.

"Alhamdu lillahi. Ɗiyata, ɗauke abin ga. Na ga kun sa rai ne, shi ya sa nike ta haɗiya. Zamna nan."

Na zauna. Tun da ya kwanta, ran nan ne na fara zama kusa da shi ba kwano a hannuna.