Direban Motar Asibiti Ya Koma Aji

Jiniya ake ce masa a asibiti da unguwa, saboda motar ɗaukar marasa lafiya da yake tuƙawa. Mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko abinci yake ci, ƙafarsa na rawa ƙarƙashin tebur. Matarsa takan ce da za a ɗaure shi da kujera, da kujerar zai tafi.

Abin da ya kai shi jami'a kuwa, wasu 'yan'uwa biyu ne da ya ɗauko daga wurin hatsari. Babban ya kakkarye, ƙaramin kuwa da ƙafarsa ya shiga motar, yana ta lallashin wansa. Kafin su isa ƙofar asibiti ƙaramin ya cika. Babban ya warke.

Jiniya ya kai maganar wurin limamin unguwarsu. Liman ya ce, "Kwana ne ya ƙare." Ya yarda, don shi bai taɓa ja da ikon Allah ba. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. So yake ya ji abin da mutanen duniya suka faɗa kan mutuwa, da ƙaddara, da wahalar wanda bai yi laifi ba. Da furfurarsa ya nemi gurbin karatun ƙarshen mako a sashen falsafa da addinai.

'Yarsa ta fari tana jami'ar, tana karatun haɗa magunguna. Ta ce, "Baba, don Allah in mun haɗu kada ka kira ni da sunan gida." Ranar farko ya hango ta cikin ƙawayenta, ya ƙwala mata kira da shi.

A aji kusa da ƙofa yake zama, makullin mota a hannu, waya a aljihun gaba. Malamar da ke koyar da su ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba. Ta yi bayanin masu cewa mutum ke zaɓar aikinsa, ta yi na masu cewa an riga an rubuta. Ya ɗaga hannu.

"Malama, to wane ne da gaskiya?"

"Baba, kai me ka gani?"

"Ni da na sani ai da ban bar mota a rana na zo nan ba."

Ajin ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya faɗi jarrabawar farko, don ya bar abin da aka tambaya ya amsa abin da ke damunsa. Ya yi fushi ya daina zuwa, gida ya ishe shi, ya koma.

Ana cikin haka ya ɗauko wani tsoho wanda ba addininsu ɗaya ba, numfashinsa sama-sama, ga cunkoson motoci ya tare hanya. Tsohon ya tsorata, yana son yin addu'a, kalmomin sun ɓace masa. Jiniya kuwa ya taɓa karanta addu'ar addinin tsohon a aji. Ya leƙa ta 'yar tagar da ke bayan kujerarsa ya ce, "Kaka, ga farkonta," ya faɗa masa. Tsohon ya kama, ya ci gaba da kansa, shi kuma Jiniya ya shiga tasa a zuci yana kutsawa tsakanin motoci. Sun isa da ransa.

Ya gama karatun da ƙyar, da sakamako mai rauni. Matarsa ta yi hamdala, ta ce yanzu kam a huta. Mako bai zagayo ba ya shigo yana cire takalmi yana cewa an buɗe ajin koyon tsofaffin harsuna, kuma littattafan nan, in ba a karanta su da harshensu na asali ba, an yi asarar rabi.

Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube shi. "Baban yara, kai dai Allah ya shirye ka. Wace rana za ku fara?"