Totiyar Ilu da Lemon Tsamina

A shekarar 1986 na fara sanin Ilu, lokacin da masu haƙar rijiyar burtsatse suka kafa sansani a bayan Gagarawa Tasha. Ni ina hedimasta, shi kuma yana yi musu kuku. Mutumin Ɗanzomo ne, siriri, marar yawan magana, bai taɓa zama a aji ba. A cikin injiniyoyin akwai wani ɗan ƙasar Meksiko wanda ya kasa sabawa da tuwo, shi ya tsaya a kan Ilu har ya koya masa abincin garinsu. Da aiki ya ƙare, ya rubuta masa yadda ake yi da Turanci a takarda guda. Ilu ya kawo mini ita ajiya, don ɗakinsa yana yoyo. Bai sake tambayarta ba.

Ya koma noman gero da riɗi, ya gina gida jikin nawa. A bayan gidan yana da 'yar gadina ta tumatir da albasa da attaruhu, da bokiti yake ba su ruwa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya ɗora kasko, ya gasa wani abu falan-falan na masara da yake kira totiya. Ya shimfiɗa dagargazajjen wake a kai, da yajin da ya daka da gasasshen tattasai da tafarnuwa, sannan ɗanyen tumatir da albasa, ya matsa lemon tsami. Ƙamshin ba ya neman izini kafin ya tsallako katangata.

A gaskiya abin yana cina. Ni ne na yi makarantar mishan. Ni na san cokali mai yatsu tun ina ɗan shekara tara, ni aka koya wa yadda ake ninke tsumman tebur. A da, in ana maganar abincin waje a garin nan, ni ake juyowa a kalla. Sai ga shi mutumin da ba ya iya rubuta sunansa ya ƙwace mini wannan ma.

Na daure shekara da shekaru, har bara da jikata Hidaya ta zo hutu daga jami'a. Tun tana rarrafe nake kiranta amaryata. Juma'ar farko ta shige gidan Ilu, ta dawo tana lasar yatsa.

"Angona, na sake miji," in ji ta. "Kai sai Turanci, Baba Ilu kuwa sai aiki."

"Wannan ɗan abin? Asalin takardarsa ma a akwatina take. Juma'a mai zuwa za ki ci na gaske."

Matata Rahama ta ɗago kai daga tsintar shinkafa. "Malam, kai da ko ruwan shayi sai an dafa maka?"

Ban kula ta ba. Na ciro takardar, na sa tabarau. Layin farko ya ce a dafa masara da laim, a bar ta ta kwana a ruwan. Laim kuwa na san shi tun aji uku, lemon tsami ne, ga shi kullum ina ganin Ilu yana matsa shi. Na aika Gumel aka sayo mini ashirin. Ranar Alhamis na matse su duka a tukunya, na zuba masara, na dafa, na rufe.

Da safe aka kai markaɗe. Abin da ya dawo ba ƙullu ba ne, tsaki ne mai tsami. In na mulmula ya wargaje, in na ɗora a kasko ya farfashe kamar busasshiyar laka. Hidaya ta tafi kitso, ta ce kafin la'asar za ta dawo da ƙawayenta biyu su ga abin da angonta ya iya. Na zauna a kan turmi, gari har gemuna.

Sai na ji sallama ta ƙofar baya. Ilu ne, riƙe da kwano a lulluɓe. Ya ɗanɗana nawa, bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo.

"Hedimasta, me ka zuba?"

"Abin da takarda ta ce. Laim."

"To ni ban san sunanta ba. Wata farar hoda ce injiniya yake zubawa, irin ta shafen bango. Da ta ƙare muka koma ruwan tokar kara. Ita ke saɓule wa masara fata, ƙullu ya kama jikinsa. Lemo na sama ne kawai."

Nan take na tuna. Kalmar tana da ma'ana biyu, kuma ta biyun ma an koya mana ita, ranar da muka shafe bangon ajinmu da farar ƙasa. Shekara sittin da wani abu ina gyara wa mutane Turanci.

Ya buɗe kwanon. Ƙullu ne mai laushi, ruwan ɗorawa, da yajinsa a ƙulle gefe. Ya nuna mini yadda ake danna shi tsakanin leda biyu da gindin faranti, ya tsaya har na gasa uku ba su fashe ba.

Na ce, "Sai ka je ka ba da labari a majalisa."

"Wane labari? Kai ka gasa." Ya ɗauki murfin kwanonsa. "Ka manta satina na farko a sansani, da na ƙona musu wake, babbansu ya ce in tattara kayana? Kai ka tsaya ka yi ta yi masa Turanci har ya haƙura. Ban san me ka ce ba, ban kuma taɓa yi maka godiya ba."

Na tuna ranar sarai. Ban je don shi ba, na je ne don injiniyoyi su ji irin Turancina.

Hidaya ta ci huɗu, ta ce ta mai da aurenta, har nawa ya ɗara na Baba Ilu. Rahama ta dube ni, ta ci gaba da yanka albasa. A daidai lokacin ina jiyo ƙarar bokitinsa ta bayan katanga, yana ba tumatir ruwa. Ranar bai ɗora kasko ba, don ƙullun nasa duka ya kawo mini.