Ranar da Kibod Ya Ƙi Buga Sunayen Manoma

Ko zan manta komai na zamana a shagon buga takardu a Makarfi, ban da ranar sunayen masu neman taki.

Tsohuwar kwamfuta gare ni, wadda wani abokina ya sa wa manhajar Linux don ta rage nauyi. Wata biyu tana wasa da hankalina: ina cikin rubutu kibod ya ɗauke, maus ya sandare, can kuma su dawo kamar ba a yi ba. Na sayi sabon kibod, na sake zuba Linux ɗin gaba ɗaya, duk a banza. Har abokin nan na zarga da sa min abin da ba a gane kansa. Allah Ya yafe min.

Ran nan kawuna ya zo daga ƙauyen Taba da sunayen manoman ƙungiyarsu. Dole a kai su sakatariya a buge kafin ƙarfe biyu, in ba haka ba, ba su ba taki a daminar. Muka gaisa, ya zagaya bayan teburina ya zauna a bencin baƙi. Ina kan suna na bakwai komai ya tsaya cak.

Na kashe na kunna, ta yi layi uku ta sake ɗaukewa. Na canza maus, shiru. Kaina ya ɗaure tamau, ga lokaci yana ta tafiya.

"Ɗan nan, anya ba hannu aka sa maka a sana'a ba?" in ji Kawu.

Wallahi na fara yarda. Na zagaya in taɓa igiyoyin baya, sai ga wayoyin hannu huɗu a jone da kwamfutar, suna shan caji abinsu.

"Kawu, waɗannan fa?"

"Na maƙwabta ne, ba wuta a wajenmu. Ai duk wanda ya zauna nan sawa yake, ba ka sani ba?"

Ashe tsohuwar ba ta iya ɗaukar cajinsu ta kuma riƙe kibod da maus. Na ba Kawu haƙuri na zare su, ta tafi sumul. Da na gama buga sunayen ya hau acaɓa, ya iske ana shirin rufe ofis, da ƙyar aka karɓa.

Tun daga ranar, in abu ya rikice min, sai na tashi daga kujerata na zagaya na duba kafin in ɗora wa wani laifi. Da yammar nan na je har gida na nemi gafarar abokina.