Awo Goma Bisa Goma, da Shinkafar Kawu

Har yau idan na ga shinkafa ta tsiro a jikin dami, raina ɓaci yake yi.

A shekarar ina aiki a wani ɗan ofis a unguwar Gomari, bayan wani shagon gyaran janareta. Mun haɗa wata manhaja mai basirar na'ura wadda muke kira wakili. Manomi zai buga waya ya faɗi buƙatarsa da Hausa ko Kanuri, wakili ya biya masa. Wakilin nan bai taɓa taka gona ba. Abin da yake da shi kayan aiki ne: ɗaya na duba hasashen ruwa, ɗaya na tura saƙo, ɗaya na kama wa manomi layin injin casa. Kowanne da ɗan bayanin da mutum ya rubuta a kansa, kuma abin da aka rubuta shi ne iyakar saninsa. Aikina in karanta bayanan nan in ba su maki.

Oganmu ya ba ni takardar awo. Gajere ne? A fili yake? Ya faɗi abin da za a cike? Akwai misali? Bayanin injin casa wata abokiyar aikina ce ta rubuta shi, tsohuwar malamar makaranta daga kudancin Borno, mai rubutu tsaf. Ya ce: ka ba da sunan gona, da rana, da sa'a, za a kama layi. Na ba shi goma bisa goma, har na yaba mata.

Ni kuwa ɗan Zabarmari ne ta wajen uwa. Na san ba a kai la'asar a gonakin can. Da rana ta karkata kowa yake tattara kayansa ya kama hanya, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Ita ma ta sani. Oga ya sani. Mai shayin bakin ofis ma ya sani. Saboda kowa ya sani, babu wanda ya rubuta.

Ni na matsa wa Kawu, yayan mahaifiyata, ya gwada. Ya yanke shinkafarsa ta rani, tana zube a gona, hadari ya fara leƙowa. Da niyyarsa ya tara mutane su buge ta a jikin durom kamar kullum. Na ce, “Haba Kawu, wane zamani! Inji zai gama maka kafin azahar.”

Wakili ya duba, safiya duk ta cika. Sai ya ga fili a ƙarfe biyar na yamma, ya kama. Saƙon da ya tura wa Kawu rana kawai ya faɗa: Talata. Kawu ya sallami masu bugu, ya yi sammako, ya zauna gindin dami har lokacin tashi. Mai inji kuwa da ya ga ƙarfe biyar, ya ɗauka kuskure ne, ya share. Kawu ya sake buga waya, aka ce Asabar. Biyar ɗin dai aka sake kamawa. Da a ce wakili ya ce masa babu, da tuni ya gama da hannu. Ranar Lahadi aka sheƙa ruwa, aka ƙara Litinin.

Da na buɗe tarihin aikin na ga biyar ɗin nan sau biyu, sai na miƙe. Na shiga wajen Oga ko sallama babu.

Ya ce, “Malam, ai bayanin ya ci awo. Ga sa hannunka.”

Na ce, “Awon banza! Takardar nan taka ta tambayi ko gajere ne, ta tambayi ko da misali. Ina inda ta tambayi abin da baƙo bai sani ba?”

Ya ce, “To kai da kake ɗan gari, me ya hana ka tambaya?”

Na so in kifar da teburinsa, don gaskiya ya faɗa. Haushin Oga nake ji, da takardarsa, da na'urar da take cewa “an kama maka” da murya mai daɗi. Amma wanda na fi jin haushi shi ne wanda ya zauna ƙarƙashin fanka yana raba maki kamar mai rabon goron biki. Ni da malamar muka ƙara layi ɗaya: kada a kama lokaci bayan ƙarfe biyu, idan safiya ta cika a gaya wa manomi babu. Ko minti biyu bai ɗauke mu ba.

Na je Zabarmari a ƙarshen makon. Kawu yana tsakar gida yana baza abin da ya tsira a kan tabarma, rabi duk ya fid da farin tsiro, yana warin tsami. Na gaishe shi da Kanuri, na ce wushe, ya amsa. Na fara yi masa bayanin cewa na'urar ba ta san lokacin tashi ba, ba a rubuta mata ba.

Ya ce, “Ko akuyata ta san lokacin komawa gida. Ita dai na'ura baƙuwa ce, ban riƙe ta ba.” Ya ci gaba da baza shinkafarsa, bai ɗago ba. “Uwarka ta ce mini kai ne kake duba musu.”