Rijiyar Kufai

A duk ƙasar Gangara, in ana maganar haƙar rijiya, sunan Barmo ake fara kira. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ya gaji dagi a wurin ubansa, kuma da ya ɗanɗana ƙasa da harshe zai gaya maka gaba nawa za a yi a tarar da ruwa. Aibinsa guda ne, ba ya iya jin an yabi wani a gabansa ya ci tuwo ya ƙoshi.

Ranin farko bayan samun mulkin kai, wani Bature ya zo da tafinta, ya kafa tanti a kufan da ke gabas da gari, inda tsofaffi ke cewa an yi birni tun kafin kakanninsu. Ya ce yana neman masu haƙa. Barmo ya saɓi daginsa ya tafi, a ransa shugabancin aikin nasa ne.

Ashe ba haka ba. Baturen ya ja igiyoyi ya yanka fili kamar fangalin albasa, ya raba wa mutane cokula da 'yan tsintsiyoyi. Wanda ya fi burge shi kuwa shi ne Chindo, ɗan kawun Barmo, mutumin da kan wuni a kunya guda in ana noma. Chindo zai durƙusa kan tsingaro ɗaya tun hantsi har azahar, yana share shi yana hura masa iska. Bature ya yi ta jinjina kai, ya ba shi malafa, ya naɗa shi shugaban ma'aikata.

Malafar nan ta tsaya wa Barmo a rai. Ya ji haushi, ya ji kishi irin wanda bai taɓa ji ba. Wai shi da ya shayar da ƙauyuka goma sha ɗaya, yau ragon dangi ke nuna masa inda zai zubar da ƙasa.

Ana haka Bature ya tafi Yamai da tafintansa neman sa hannun sabuwar gwamnati, ya ce sai bayan kwana goma. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Barmo ya tsallake igiya da dagi.

“Yaya Barmo, don Allah ka bari,” in ji Chindo. “Mushe, Baturen nan, ya ce kar a taɓa wurin nan.”

“Kai mi ka sani ga ƙasa? Abin da mutumen ga ke biɗa yana can ƙasa. Da cokalinku sai jikokinshi su iske shi.”

Chindo ƙane ne, bai iya ja da shi ba. Barmo ya haƙa yadda ya gada. Ya fasa daɓen wani tsohon ɗaki, ya ratsa toka da gawayi, ya wuce wani daɓen a ƙarƙashi, ya huda marmara. Duk tsingaro da dutsen wuya da gutsuren ƙarfen da ya ci karo da su ya sa aka wanke su tas, ya tsiba su wuri guda, manya a ƙasa ƙanana a sama. Rana ta tara ruwa ya ɓuɓɓugo a gaba shida.

Da Bature ya dawo, Barmo ya tsaya kusa da tsibin yana jiran yabo. Mutumin ya leƙa ramin, ya dubi tsibin, sai ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai. Tafinta ne ya yi bayani: ba kayan ake nema ba, so ake a san wanne ke bisa wanne, su wa suka riga su wa zama a wurin. Yanzu an cuɗe na jiya da na shekara ɗari biyar, ba mai iya raba su.

A ranar aka sallami Barmo. Da damina ta kawo kai Bature ya naɗe tantinsa, ya bar Chindo gadin wurin, ya yi masa bukka a gindin wata tsamiya.

Ruwan ramin kuwa garɗi gare shi, ba ya ƙafewa ko da bazara. Makiyaya suka gano shi, matan gari suka bi sawu, Chindo na zaune da malafarsa yana ara musu guga. Barmo ya yi shekara ashirin bayan haka, bai sake taka kufan ba. Amma kullum da safe yana zaune a ƙofar gida zai ji matarsa Delu daga ciki tana cewa a ɗauki tulu a ɗebo mata na rijiyar Chindo.