Garayar Bappa Ta Yi Shiru

Bana shekara shida ke nan da rasuwar Bappa Buba, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Dole ce ta sa na ɗauki biro.

Tun kafin tashin hankali ya iso ƙauyenmu da ke gefen Mubi, tsorona ɗaya ne: garayarsa za ta ja masa ajali. Muna ta jin cewa 'yan tada ƙayar bayan da ke daji ba sa barin makaɗi da rai. Na roƙe shi ya haƙa rami ya ɓoye ta, ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa binne mai rai ba. Ranar da muka gudu, kowa ya ɗauki hatsi ko tabarma, shi kuwa ya naɗe garaya a tsohon zane ya rataya. A shingen sojoji na Vinikilang, kafin mu tsallaka Binuwai, wani soja ya hango dogon abu a naɗe, ya daka tsawa a sauke. Bappa ya kwance zanen a hankali, ya taɓa tsirkiya sau biyu. Sojan ya sauke bindigarsa.

"Baba, kowa na gudu da abinci, kai da wannan?"

"Abinci za a ba ni a Yola, yaro. Wannan wa zai ba ni?"

Da muka sami ɗaki a Damilu, maharba masu komawa daji kan biyo ta wajensa da hantsi, ya kaɗa musu takensu. Na ga manya masu gemu suna share ido. Bayan la'asar kuma matan da suka baro gidajensu irinmu sukan zauna a tsakar gida, da Musulmi da Kirista, ya yi musu kiɗa har yara su daina kuka.

A irin wannan zaman yake ba mu asalin garaya. Yakan ce daga bakan maharbi ta fito: wani yana jiran nama a gindin bishiya, ya taɓa igiyar bakansa, ya ji daɗin sautin, sai na bayansa suka sassaƙa mata ciki da itace suka rufe da fata. Yakan ce molo mai tsirkiya uku ɗan uwanta ne, haka ma hoddu da Fulani suka zo da shi daga yamma a bayan shanu. Kwanan baya maigidana ya nuna mini a waya wani zanen bango na mutanen Masar na dā, mace riƙe da abu mai dogon wuya kamar garaya sak. Na daɗe ina kallo. Da Bappa na nan, na san zai karɓi wayar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce to ai ga shi, dangi sun yi nisa. Ban san me zai ce da samarin Jimeta masu haɗa kiɗa a kwamfuta ba. Ina jin zai tambaye su wa ya koya wa kwamfutar, don shi kullum tambayarsa ke nan.

A wuyan garayar akwai tsaga biyar da aka yi da wuƙa. Duk wanda ta shiga hannunsa yakan yi tasa. Fata takan tsufa a sake, tsirkiya takan tsinke a sake, amma wuyan ba a sakewa. Ta biyar ɗin ta Bappa ce. Ba garaya ce ta kashe shi ba, ciwon ƙirji ne, a kan gadonsa. Kwana biyu kafin nan ya ce, "Dija, ki kula da ita kamar ɗiya."

Ni kuwa na ɗauki maganar yadda na ji ta. Da na haifi Hauwa, duk safiya in na shafa mata man kaɗanya, sai in lakato in shafa wa fatar garayar, don kada ta tsage. Wata da watanni ina yi, ina ganin kirki nake yi. Ashe fatar kiɗa bushewa take so, shi ya sa Bappa yake shanya ta a rana kafin ya kaɗa. Ina ganinsa yana yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Yanzu fatar ta saki, in ka taɓa sai ka ji kamar an buga jiƙaƙƙen kwali. Na kai ta kasuwar Yola Gari, wani mai haɗa ganga ya ce zai yi mini sabuwa fil, a yar da tsohuwar. Na rungumo abata na dawo.

Garayar da Bappa ya tsallake da ita ta gaban bindiga, ni na kashe mata murya da tafin hannuna. Abin da ya rage mana nasa shi ne wuyan nan da tsagoginsa, da taken maharba da Hauwa take ji ina yi mata da baki in tana rigima.

Don Allah, mai karatu, in ka san wani dattijo a Girei, ko Song, ko Fufore, ko ma ina ne, wanda ya iya ɗaura wa garaya sabuwar fata ba tare da ya taɓa wuyanta ba, ka aiko da saƙo ta wannan jarida. In ya iya kaɗa ta, akwai sauran wuri a wuyan, ya yi tsaga ta shida.